Tiyon Da Aka So Yankewa: Tarihin Numfashin Injin Mota

Ga rubutaccen shirin wannan makon, saboda masu cewa data ba ta barinsu su saurara, da kuma waɗanda karatun ya fi musu daɗi.

Yau da labarin wata asara da na tafka zan fara. Yayana yana da wata tsohuwar mota 'yar Kwatano, in ya yi tafiya ni nake riƙe ta. To bara, wajen ƙarshen damina, motar nan ta soma yoyon baƙin mai. Duk inda na ajiye ta na dawo sai na tarar ta bar shaida a ƙasa, har maƙwabcinmu da nake ajiyewa a ƙofar gidansa ya fara yi min habaici. Na kai ta gareji, aka ce gasket ɗin murfin saman inji ne, aka canza. Ba a yi sati uku ba mai ya ɓullo ta gaban inji. Aka ce sil ne, aka canza. Bayan wata guda sai ga shi kuma ta baya, tsakanin inji da giya, wurin da hannu ba ya kaiwa sai an sauke giyabos gaba ɗaya. Da aka faɗa min kuɗin wannan aikin, wallahi sai da na nemi benci na zauna.

A kan bencin nan akwai wani dattijo, tsohon bakanike ne, ƙarfi ya ja baya, yanzu sai zama da ba yara shawara. Ya dube ni ya ce, "Yaro, sau nawa ke nan kana kawo ta?" Na ce, "Uku, Baba." Ya ce a tayar da injin. Ya zare gejin mai, sai ga wani tururi yana fitowa fuf-fuf ta ramin. Ya sa aka kashe, ya kai hannu kan murfin inji ya zaro wani ɗan abu da bai wuce babban yatsa ba, ya kai kunne ya girgiza. Shiru. Ya ce, "Motar nan numfashi ne ba ta yi. Kai in aka toshe maka hanci da baki, ai ka san iska sai ta nemi wata ƙofar." Yaran gareji suka kwashe da dariya. Ɗaya daga cikinsu ya ce, "Baba, ai da sai mu cire tiyon kawai mu sake shi ƙasa, iskar ta riƙa fita abinta. Haka muke yi wa motocin haya." Dattijon ya harare shi, ya ce a je a sayo sabo.

Ni kuwa a ranar, gaskiya, da ni kaɗai ne da yaron da na yarda, tunda tasa shawarar ba kuɗi a ciki. Sai da na koma gida na bi diddigin ɗan abin nan na gano cewa yaron so ya yi ya mayar da motar Yayana baya da shekara sittin da ɗoriya. Na kuma gano cewa kafin ɗan abin ya samu shiga mota, sai da wani birni guda ya shekara goma sha takwas yana hawaye. Hawaye na gaske fa, wanda ake sharewa da hankici. Wannan tarihin nake so mu bi yau, amma sai mun fara leƙa cikin inji tukuna, in ba haka ba labarin ba zai zauna ba.

Ku ɗauki inji kamar gida mai hawa biyu. A sama akwai silinda, inda fetur da iska ke haɗuwa, filogi ya kyasta musu wuta, su fashe su tura fistin ƙasa. A ƙasa kuma akwai wani rufaffen ɗaki inda karanshaf ke juyawa, baƙin mai na kwance a kaskonsa. Turawa na ce wa wannan ɗakin karankes, ni zan riƙa ce masa tumbin inji. Abin da ya raba sama da ƙasa shi ne fistin da zobban da ke kewaye da shi, waɗanda kanikawa ke kira ringi. To ringin nan da gangan ake barin ɗan tsagi a jikinsa, saboda ƙarfe in ya ji zafi buɗewa yake, in babu tsagin sai ya cije a silinda. Don haka duk sanda wuta ta tashi a sama, wani ɗan kaso na iskar yana sulalewa ta gefen ringi ya faɗa tumbi. Sabon inji ma yana yi, tsoho ya fi yi. Ku lissafa: inji mai silinda huɗu da ke juyi 3,000 a minti, wuta tana tashi sau 6,000 a cikinsa kowane minti. Kaɗan-kaɗan sau dubu shida ai ya tashi daga kaɗan.

Me ke cikin iskar da ta sulale? Tururin fetur da bai ƙone ba, da hayaƙi, da tururin ruwa. Na ruwan nan ya ba ni mamaki: ashe duk litar fetur ɗaya da ta ƙone tana haifar da kusan litar ruwa ɗaya a siffar tururi. Yawancinsa ta salansa yake fita, shi ya sa da sanyin safiya za ka ga salansa na ɗiga. Wanda ya faɗa tumbi kuwa, in inji ya huce sai ya koma ruwa ya cakuɗe da mai, ya zama wani kunu mai danƙo da ke toshe hanyoyin mai, ya kuma haɗu da sauran dattin ya zama asid mai cin ƙarfe. Shi kuma fetur ɗin yana tsinka man, ya rage masa kauri. Sannan ga matsi. Rufaffen ɗaki ana ta hura masa iska, dole ta nemi inda ya fi rauni: gasket ɗin sama, sil ɗin gaba, sil ɗin baya, wani lokaci har gejin mai ta turo waje. Daidai jerin wuraren da na biya wa kuɗi ke nan, ɗaya bayan ɗaya. Duk wanda aka toshe, sai matsin ya koma kan na kusa da shi.

Masu ƙera injin farko sun san da wannan matsala, kuma maganinsu bai da wahala: a bar wa iskar ƙofa ta fita sarari. Daga wajen 1928 aka gyara dabarar. Aka ɗauko bututun ƙarfe daga tumbin inji aka sauko da shi har ƙasan mota, aka yanke bakinsa a karkace. In mota na gudu, iskar da ke wucewa ta ƙarƙashinta sai ta riƙa zuƙo abin da ke cikin bututun, sabuwar iska kuma ta shiga ta murfin zuba mai, wanda aka yi masa raga. Babu bawul, babu abin da zai lalace. Sama da shekara talatin motocin Amurka a haka suke tafiya.

Sai dai dabarar da gudu ta dogara. Mota a tsaye, ko tana rarrafe a cunkoso, babu mai zuƙa. Shi ya sa motocin raba madara da na kai wasiƙu gida-gida, masu tafiya kaɗan su tsaya, su suka fi fama da kunun nan a tumbinsu. A garuruwa masu sanyi ƙanƙara kan toshe bututun, matsi ya taru, mai ya ɓalle ta gasket. In kun taɓa ganin tsofaffin hotunan manyan titunan Amurka na shekarun 1950, za ku lura da wani baƙin layi a tsakiyar kowane hannu na titi. Man da dubban bututu suka riƙa tofarwa ne. Kuma ba wanda ya damu, an ɗauka iska tana da faɗi, kome aka zuba mata za ta shanye.

Sojoji ne suka fara neman wata hanya, su ma ba tausayin iska ne ya sa su ba. A Yaƙin Duniya na Biyu ana buƙatar tankoki da motocin soja su ratsa ruwa mai zurfi, buɗaɗɗen bututu a ƙasa kuwa ƙofa ce ga ruwa ya shiga tumbi ya kashe inji. Sai aka rufe wannan ƙofar, aka karkatar da iskar tumbin zuwa hanyar da inji ke shaƙa, ya sake ƙone ta tare da fetur. Ku riƙe wannan a ranku, za mu dawo kansa: dabarar tana hannu tun kafin 1945.

Yanzu mu tafi Los Anjelis, a jihar Kalifoniya da ke gaɓar yammacin Amurka, don a can ne bututun nan ya gamu da ranar ƙin dillanci. Birnin yana zaune ne kamar a cikin kwano, teku ta gefe guda, duwatsu sun tare sauran. Sau da yawa iska mai ɗumi kan kwanta a saman mai sanyin da ta taso daga teku, ta zama kamar faifai a kan ƙwarya, duk abin da aka saki a ƙasa ba ya tashi. Ga rana mai ƙarfi kusan duk shekara, ga mutane na ta kwararowa neman aiki a masana'antun yaƙi, kowa da motarsa.

Ranar 26 ga Yuli, 1943, wani hazo mai yaji ya sauka a tsakiyar birnin. Ido na ƙaiƙayi yana zubar da ruwa, maƙogwaro na zafi, ba ka hangen abin da ya wuce layi uku na gidaje. Ana tsakiyar yaƙi, don haka wasu suka ɗauka Japan ce ta kawo hari da iskar guba. Da aka ga ba haka ba ne, sai zargi ya koma kan wata masana'anta da ke sarrafa sinadarin yin roba. Aka dakatar da ita, hazo bai fasa ba. A 1947 gundumar ta kafa hukumar yaƙi da gurɓatar iska, irinta ta farko a Amurka, ta shiga bin matatun mai da masana'antu. A 1957 har ƙona shara a bayan gida aka hana. Duk da haka yara na dawowa daga makaranta da jajayen idanu.

Dalilin wannan lalube shi ne, hazon da duniya ta sani a lokacin na gawayin kwal ne, irin na Landan, wanda a Disambar 1952 ya kashe mutane aƙalla 4,000 cikin 'yan kwanaki. Shi wannan kana ganinsa yana fita baƙi ƙirin daga bututun hayaƙi. Los Anjelis kuwa kusan ba ta ƙona kwal. Suna ta neman hayaƙin da ido ke gani, alhali ba a nan gizo ke saƙar ba.

Mutumin da ya warware ƙullin, kun san aikinsa? Binciken ƙamshin abarba. Sunansa Arie Haagen-Smit, an haife shi a Utrecht ta ƙasar Holan a 1900, ya koma koyarwa a jami'ar Caltech da ke Pasadena, gefen Los Anjelis, a 1937. Sana'arsa ita ce tsamo sinadaran da ke ba tsirrai ƙamshi da ɗanɗano. A 1948 ya juya kayan aikinsa kan iskar garin. Ya zuƙo ta ya bi da ita ta cikin wani tarko mai tsananin sanyi da ke daskarar da duk tururin da ke ciki, kamar dai yadda yake yi wa abarba, ya samu 'yan ɗigon ruwa masu duhu da wari. Da ya bincika sai ya ga dangin fetur ne, amma sun rikiɗe, kamar an dafa su.

Wa ya dafa su? Nan ya yi abin da ya sa nake ganin girmansa: ya haɗa hazon da hannunsa a ɗakin gwaji. Ya ɗauki tururin fetur, ya haɗa da iskar naitrojin oksaid wadda duk inji mai zafi ke fitarwa, ya haska musu haske irin na rana. Sai ga hazo mai sa hawaye. Ya sa ganyen alayyafo a ciki, ya lalace daidai yadda yake lalacewa a gonakin gefen birnin. Cikin abin da haɗin ke haifarwa akwai ozon, iskar nan da in tana can sama take kare mu daga illar hasken rana, in ta sauko ƙasa kuma take ƙona huhu. Dama an daɗe ana mamakin yadda tayoyin mota ke saurin tsagewa a Los Anjelis, ashe ozon ne ke cin roba. Sai ya mayar da wannan ma'auni: ya lanƙwasa 'yar roba ya ajiye a iska, ya duba agogo ya ga minti nawa za ta ɗauka kafin ta fara tsagewa. A 1952 ya wallafa sakamakonsa. Ma'anarsa a taƙaice: abin da ke fita daga mota ba lallai ido ya gan shi ba, rana ce ke dafa shi a sama ya zama guba, kuma mai laifin yana ajiye a ƙofar gidan kowa.

To ka faɗa wa kamfanonin mai da na mota wannan magana, ka ga ko za su tafa maka. Wata cibiyar bincike da kamfanonin mai ke ba kuɗi ta fito ta ce ita ta gwada ba ta ga abin da ya gani ba. Ya koma ɗakin gwaji ya ƙara shekaru yana maimaitawa, sai a tsakiyar shekarun 1950 sauran masana suka tabbatar da maganarsa, musu ya ƙare.

Amma kada ku ɗauka takardar farfesa ce kaɗai ta motsa Ditroit, birnin da manyan kamfanonin motar Amurka suke. Wani ɗan majalisar gundumar Los Anjelis mai suna Kenneth Hahn ya fara rubuta wa shugabannin kamfanonin wasiƙa a 1953 yana tambayarsu me suke yi a kan lamarin. Amsar da ya samu daga Ford a shekarar ita ce, a ganin injiniyoyinsu hayaƙin mota na bajewa a iska da sauri, ba matsala ba ne. Bai daina rubutawa ba, shekara da shekaru. A Oktoban 1954 hazo ya kwanta wa birnin na makonni, dubban mutane suka yi gangami a Pasadena, matan aure suka fito titi sanye da takunkumin kare iskar guba irin na yaƙi. A 1958 wasu mata suka kafa ƙungiya mai suna Stamp Out Smog, wato a murƙushe hazon hayaƙi. Su ba zanga-zangar rana ɗaya suka yi suka koma gida ba. Zaman hukuma suke zuwa, su karanta rahotanni, su kira 'yan jarida, su zo da 'ya'yansu a gani. Mu da muke harkar matasa, wannan ɓangaren ya fi sosa min rai, don na san yadda muke: mu yi sati guda muna kururuwa a Facebook, ranar da za a zauna a kan doka ba ko ɗayanmu a zauren. A 1960 Kalifoniya ta kafa hukuma ta musamman a kan gurɓatar da motoci ke yi.

Ana cikin wannan matsin ne, a ƙarshen shekarun 1950, masu bincike na kamfanin General Motors suka waiwayi bututun nan na ƙasan mota. Duk tsawon lokacin ido na kan salansa. Da aka auna sai aka ga ashe tumbin inji ma babbar kafa ce. Lissafin da aka saba bayarwa shi ne, a motar da ba a yi mata wani tanadi ba, kimanin kashi ɗaya cikin biyar na tururin fetur da take saki ta nan yake fita. Kuma maganinsa ba sai an ƙirƙiro ba, yana nan ajiye tun zamanin tankokin yaƙi. Motocin samfurin 1961 da aka sayar a Kalifoniya su suka fara fitowa da shi da yawa daga masana'anta. Zuwa 1964 yawancin sababbin motoci a Amurka suna da shi. Shi ne na'urar farko a tarihin mota da aka yaɗa don kare iskar da mutane ke shaƙa. Daga 1943 zuwa 1961, shekara goma sha takwas ke nan, a kan abin da kuɗinsa 'yan daloli ne.

Sunansa bawul ɗin PCV, shi ne ɗan abin da Baba ya girgiza. Yadda yake aiki abin sha'awa ne. In inji na tafiya, fistin na zuƙar iska, don haka a bututun shaƙa kullum akwai ƙarfin zuƙa. Sai aka ɗauko tiyo daga saman inji aka haɗa da wannan bututu, aka ɗauko wani tiyon daga wajen matatar iska don sabuwar iska mai tsabta ta riƙa shiga tumbi. Ka ga iska na shiga ta nan, ta share tururin, ta fita ta can, inji ya ƙone shi. Mota na gudu ko tana tsaye duk ɗaya. Amma akwai tangarɗa: zuƙar ta fi ƙarfi sanda inji ke silo, lokacin da iskar tumbi ba ta da yawa, kuma tana raguwa in ka taka totur, lokacin da iskar ta fi yawa. Wato abin a juye yake. Bawul ɗin shi ke daidaita wannan. A cikinsa akwai ɗan ƙarfe mai tsini da sifirin. A silo zuƙa na janye ƙarfen ya kusa toshe hanya, kaɗan ke wucewa. In ka taka totur sifirin ya turo shi baya, hanya ta buɗe. In kuma wuta ta yi baya ta bututun shaƙa, sai ya rufe ruf don kada ta isa tumbi. Wannan ɗan ƙarfen ne ke ƙara in an girgiza. Na motar Yayana kunu ya riƙe shi a rufe, shi ya sa ya yi shiru.

Abin dariyar shi ne, na'urar da aka shekara ana jan ƙafa a kanta ta zama alheri ga injin kansa. Tumbi ya daina tara ruwa kamar da, mai ya ƙara daɗewa, sil da gasket suka huta, fetur ɗin da ake zubarwa a titi ya koma yana ƙonewa a silinda.

Jan ƙafar nan kuwa ba zargina ba ne ni kaɗai. A Janairun 1969 ma'aikatar shari'a ta Amurka ta kai ƙarar General Motors da Ford da Chrysler da American Motors tare da ƙungiyarsu, tana zarginsu da haɗa baki tun 1953 don jinkirta fasahar rage hayaƙi. Cikin zarge-zargen har da cewa sun yarda a tsakaninsu su jinkirta sa bawul ɗin nan a motocin da ake sayarwa wajen Kalifoniya har sai samfurin 1963. An sasanta a shekarar ba tare da sun amsa laifi ba, suka dai yi alkawarin daina irin wannan haɗin baki. Shi kuwa mai abarba, da gwamna Ronald Reagan ya sa hannu a dokar kafa hukumar kula da iska ta Kalifoniya a 1967, shi aka naɗa shugabanta na farko a 1968. Ya rasu a 1977, ciwon dajin huhu ne ya yi ajalinsa.

To mu dawo garejinmu. Wani rahoton hukumar muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya na 2020 ya ce tsakanin 2015 da 2018, Turai da Amurka da Japan sun fitar da tsofaffin ƙananan motoci miliyan 14, kashi 40 cikin ɗari Afirka suka zo. Motocin nan kowace da tsarin numfashinta take isowa, sakamakon wancan dogon faɗan. Sai mu kuma mu zare tiyon mu sake shi yana lilo a ƙasa. In kun tsaya a cunkoso ku leƙa ƙarƙashin tsofaffin motocin haya, za ku ga wasu da tiyo yana tofar da tururi. Bututun 1928 ne ya dawo, ba ma tare da yankan bakin da ke sa shi zuƙa ba. Kuma wa ke shaƙa? Direban da ke wuni a ciki, da yarinyar da ke tallan ruwa tsakanin motoci, da ɗan acaɓan da ke manne a baya.

Ban ce a zagi kanikawa ba, don na fahimci dalilinsu. Injin da ringinsa ya cinye yana hura iska fiye da abin da bawul zai iya ɗauka, sai ragowar ta bi ɗaya tiyon ta watsa mai a matatar iska. Gyaran gaskiya shi ne a buɗe inji a yi ringi. Mai mota ya ce ba shi da shi, yara na jiran cefane. Sai bakanike ya zare tiyo, mota ta tashi, kowa ya tafi. Amma an yi gudun gara ne an faɗa gidan zago: tumbi ya daina samun shara, ruwa da asid su kwanta a mai, in kuma an bar wata kafa a buɗe, ƙurar hunturu ta samu hanya kai tsaye zuwa cikin inji ba tare da ta bi matata ba. Injin da zai kai shekara biyu sai ya mutu a ɗaya.

Kada kuma wani ya ji wannan shirin ya ce duk yoyo bawul ne. Roba na tsufa ta bushe, balle a zafin garuruwanmu. Akwai wanda ke cika mai ya wuce alamar geji yana ganin gata ya yi wa mota, karanshaf ya riƙa kaɗa shi yana kumfa. Akwai yaron gareji da ke ɗaure noti har gasket ya fashe, ko ya mayar da tsohon washa a notin juye, ko ya lafta gam har ya ɓalle ya shiga ciki. Jabun mai da jinkirin juye su ne ma ke haifar da kunun da ke toshe bawul ɗin tun farko. Shi ma bawul ɗin in a buɗe ya maƙale, wani ciwon ne daban: silo ya riƙa rawa, mota ta riƙa shan mai, salansa na fitar da shuɗin hayaƙi. Motocin Turai na baya-bayan nan da yawa ma ba su da mai ƙarar, wata 'yar roba ce a cikin murfin saman inji, in ta yage sai ka ji inji na fito, murfin zuba mai kuma ya ƙi buɗuwa sai da ƙarfi. Abin da Baba ya koya min dai shi ne, mai ƙasa yake gangarawa kuma iska na tura shi baya, don haka inda ka ga ɗigo ba lallai nan ne ramin ba. A wanke inji, a yi tafiya kaɗan, a nemi wuri mafi tsayi da ya jiƙe. In kuwa an toshe nan ya ɓullo can, a tambayi numfashi kafin a sake sayen gasket.

Motar Yayana ba mu sauke giyabos ɗin ba har yau. Da aka sa sabon bawul aka wanke tiyo biyun, yoyon baya ya ragu ya koma ɗan gumi, don sil ɗin ya riga ya ji jiki. Ina shimfiɗa mata kwali a ƙasa in zan kwana biyu ban tashe ta ba, maƙwabcina kuma ya daina habaici. Tsohon bawul ɗin na karɓo shi daga hannun Baba, na jiƙa shi a fetur kwana ɗaya don in ga abin da zai faru. Washegari na girgiza, sai ga shi yana ƙara.

Sai mun haɗu a shiri na gaba, in Allah ya kai mu.